Tsakanin Yatsa da Tsirkiya: Tarihin Sakin Kibiya

A shagunan kayan farauta na Amurka ana sayar da wata 'yar na'ura da ba ta fi kwaɗon kulle ƙofa girma ba, amma kuɗin wasu daga cikin irinta ya haura dala 200. Aikinta ɗaya ne tak: ta riƙe tsirkiyar baka yayin da maharbi yake ja, ta sake ta idan lokaci ya yi. Akasarin masu farauta da bakan zamani a ƙasar ba sa ɗora yatsunsu a kan tsirkiya, wannan na'ura ce take tsakaninsu da ita. Wanda ya saba ganin maharbin gargajiya da kwarinsa a kafaɗa zai iya ɗaukar abin a matsayin sangartar masu kuɗi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Fiye da shekara dubu uku ke nan mutane suna sanya wani abu tsakanin yatsa da tsirkiya, daga dutse da ƙaho zuwa fata da ƙarfe, kuma duk saboda matsala guda: hannun da ya ja baka shi ne yake ɓata harbin a lokacin saki.

Ga mai harbin gasa, ɓacin harbi asarar maki ce. Ga mafarauci kuwa, dabba ce za ta shige daji da kibiya a ciki, ta yi kwanaki tana wahala kafin ta mutu inda babu mai ganinta. Wannan ne ya sa zaɓen na'urar saki ya wuce maganar kwalliya, kuma tarihinta yake da abin da zai koya wa mai zaɓen.

Matsalar da ke cikin hannu

Idan maharbi ya ja tsirkiya da yatsu uku, ba zai iya buɗe su da saurin da tsirkiyar take tafiya ba. Da zarar ya sassauta, ita ce take ture yatsun, ta zame ta kan gefensu, ta ɗan karkata gefe guda kafin ta miƙe. Wannan karkata tana shiga jikin kibiya, sai ta lanƙwashe ta miƙe, ta sake lanƙwashewa, tana tafiya kamar kifi a ruwa. Ido ba ya ganin haka. Sai a shekarun 1930 wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Clarence Hickman ya ɗauki hoton harbi da kyamara mai tsananin sauri, aka ga yadda kibiya take kewaye jikin baka tana rawa.

Rawar ba laifi ba ce muddin ta zama iri ɗaya a kowane harbi. Wahalar ita ce yatsun ɗan Adam ba sa maimaita abu daidai-wa-daida: yau da gumi, gobe da sanyi, jibi da faɗuwar gaba. Lissafi mai sauƙi ya nuna girman abin. Kibiyar da ta kauce da rabin digiri kacal a lokacin tashi za ta sauka kimanin santimita 26 daga inda aka nufa a nisan mita 30. Wurin da huhu da zuciyar barewar Amurka suke kuwa bai fi faɗin farantin cin abinci ba, wato kamar santimita 20. Rabin digiri ya isa ya mai da kisa mai sauri ya zama rauni a hanji.

Yatsu uku da babban yatsa

Mutumin da ya fara tsara wannan batu a ilimance shi ne Edward Morse, masanin dabbobi daga Amurka wanda ya koyar a jami'ar Tokyo daga 1877. Ya lura cewa wani abokinsa ɗan Japan yana jan tsirkiya ta wata hanya dabam da tasa, kuma yana ɗora kibiya a ɗaya gefen baka. Daga nan ya bi zane-zanen Masar da na Assuriya da labaran matafiya, har a 1885 ya wallafa maƙalar da ta kasa hanyoyin saki gida biyar. Biyu daga cikinsu ne suka iya da baka mai nauyi, su ne kuma suka raba tsohuwar duniya a tsakaninsu.

Ta farko ita ce ja da yatsu uku, manuniya a saman kibiya, biyu a ƙasa, wadda Morse ya laƙaba wa sunan yankin tekun Bahar Rum. Da ita maharban Ingila suka yi suna. Jirgin yaƙin Mary Rose da ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982, an same shi da dogayen bakuna 137, kowanne kusan mita biyu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa jan da yawa daga cikinsu daidai yake da ɗaga kilo 45 zuwa 80 da yatsu uku. A shekarar da jirgin ya nutse ne Roger Ascham ya fitar da littafinsa Toxophilus, inda ya kasa harbi matakai biyar, saki ne na ƙarshe, ya kuma yi bayanin safar hannu ta fata da take kare yatsu. 'Yar fatar da maharban Olamfik suke sanyawa a yatsunsu har yau jikar wannan safa ce.

Ta biyu ita ce ja da babban yatsa, a naɗe shi a kan tsirkiya, a kulle shi da manuniya. Wannan ita ce hanyar mahayan Asiya, kuma dalilinta a fili yake. Bakansu gajere ne, an haɗa shi da itace da ƙaho da jijiya, don a iya juya shi a kan doki. Gajeren baka idan aka ja shi sosai, tsirkiyarsa tana yin kusurwa mai tsini da take matse yatsu uku. Babban yatsa shi kaɗai ba ya matsuwa, sakinsa ya fi tsafta tunda wuri ɗaya ne yake riƙe, kuma manuniya tana danne kibiya a jikin baka don kada sukuwa ta yar da ita. Sai dai yatsa ɗaya ba zai jure wannan nauyi tsirara ba. Daga nan zoben maharba ya samo asali.

Ɗaya daga cikin mafi tsufan waɗannan zobba an same shi a kabarin Fu Hao, matar sarki Wu Ding na daular Shang a ƙasar Sin, wadda ita kanta ta jagoranci mayaƙa. An gano kabarin a Anyang a 1976, kuma ya kai kimanin shekara 1200 kafin Miladiyya. Zoben na dutsen jed ne, da tsagi inda tsirkiya take zama. A Afirka ma, a ƙasar Nuba da ke Sudan ta yau, wadda tsofaffin Misrawa suke kira ƙasar baka, an tono zobban dutse a kaburburan zamanin daular Merowe da bayanta, wasu suna nan a babban yatsan mamatan. Jikokin waɗannan maharba ne suka tare rundunar Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh a Dungula a 652. Marubutan Larabawa sun kira su masu harbin ƙwayar ido, kuma yaƙin ya ƙare da yarjejeniyar da ta yi kusan shekara ɗari shida tana aiki.

A ƙasashen Musulmi harbi da babban yatsa ya zama fanni mai littattafai. Wani masani na zamanin Mamluk mai suna Taibugha ya rubuta nasa wajen 1368, inda aka sa wa kowane irin kullin yatsu suna da lambar da yake nunawa a ƙidayar yatsu ta Larabawa, kamar 63 da 69. Turkawan daular Usmaniyya suna da filin harbi na musamman a Istanbul, Okmeydani, inda ake kafa dutse don tunawa da harbin da ya yi fice. Harbin Tozkoparan Iskender a ƙarni na 16 ya haura mita 800. A Sin kuma, Mancawan da suka kafa daular Qing a 1644 suna da zobe mai siffar ganga, wanda a hankali ya zama ado da alamar matsayi a hannun mutanen da ba su taɓa jan baka ba.

Afirka ta Yamma ta bi wata hanyar. A wajen Tibi na kwarin Binuwai akwai wuƙa mai mariƙi kamar zobe, maharbi yana zura hannunsa a ciki ya ja tsirkiya da ita, idan abokin gaba ya matso kuma ta zama makami. Amma babbar amsar yankin tana bakin kibiya ne. Kibiyar ƙasar Hausa kyauro ce marar gashin tsuntsu, da kan ƙarfe mai kunnuwa, an shafe ta da dafin kwankwani wanda yake tsayar da zuciya. Mai irin wannan kibiya ba ya buƙatar samun huhu, ya isa ta huda fata. Da ita maharban Shehu Usmanu suka karya dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. Dokokin farauta na zamani kusan duk sun hana dafi, don haka nauyin kisa gaba ɗaya ya koma kan saiti da saki.

Ranar da kunama ta shigo

Akwai hanya ta uku, wato a cire yatsa daga aikin baki ɗaya. Tun ƙarnuka kafin Miladiyya maƙeran Sin suke ƙera kunamar tagulla don bakan da ake kwantarwa a kan gungumen itace. A cikin rundunar sojojin yumɓu ta sarki na farko na daular Qin, wadda aka gano kusa da Xi'an a 1974, an samu irin waɗannan kunamu masu yawa, an ƙera su a kan ma'auni kusan ɗaya. Baka mai kunama yana riƙe tsirkiya da kansa, maharbi ya yi saiti a natse, ya danna. Abin da dogon baka yake buƙatar shekaru kafin a iya, manomi yana koyonsa cikin makonni.

Wannan sauƙi ya jawo masa ƙiyayya. A 1139 majalisar cocin Katolika da ta zauna a Lateran ta hana amfani da shi, tare da baka na hannu, a yaƙi tsakanin Kiristoci, ko da yake ba a bi hanin ba. Tambayar da ya tayar ba ta mutu ba har yau: idan ƙarfe ne yake saki, me ya rage na gwanintar maharbi?

Daga Ishi zuwa baka mai faifai

Bindiga ta kori baka daga fagen yaƙi, kuma farauta da shi a matsayin wasan zamani ta farfaɗo ne a Amurka ta wata hanya mai ban tausayi. A watan Agusta na 1911 wani mutum ya fito daga duwatsun Kalifoniya kusa da garin Oroville, a rame, shi kaɗai ya rage daga ƙabilar Yahi. Aka kira shi Ishi, aka zaunar da shi a gidan tarihi na jami'a a San Francisco. Likitansa, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da farauta a wurinsa. Ishi yana ja da babban yatsa ta wata siga tasa. A harbin gasa bai kai Turawan da ya koyar ba, amma a daji ya san yadda zai kira dabba da yadda zai matso ta har tazarar ta zama 'yar kaɗan. Tarin fuka ya kashe shi a 1916. Littafin da Pope ya fitar a 1923 kan farauta da kwari da baka, da tafiye-tafiyensa tare da Art Young, su suka ja hankalin jama'a. A 1934 jihar Wiskonsin ta buɗe lokacin farautar barewa na masu baka kaɗai, sauran jihohi suka bi. Hujjar ba su lokaci na daban, mai tsawo, ita ce makaminsu yana da wuya kuma ba ya nisa.

Sai Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Mizuri, ya sauya lissafin. A 1966 ya nemi rajistar mallakar wani baka da ya ƙirƙira, aka ba shi a 1969. Ya yanke bakin rassan baka ya ɗaura musu ƙananan fayafai masu juyawa waɗanda aka huda a gefe maimakon tsakiya, ya zagaya igiya ta kansu. Sakamakon shi ne nauyin ja yana hawa har tsakiyar tafiya, sannan ya faɗi. A bakunan yau ragin yakan kai kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Mai bakan kilo 30, idan ya gama ja, kilo 6 kawai yake riƙe, don haka yana iya tsayawa a haka yana jiran dabba ta fito daga bayan itace.

Wannan ni'ima ta zo da matsaloli biyu, kuma dukansu tsofaffi ne. Bakunan sun yi ta gajarcewa har na farauta suka koma santimita 75 zuwa 85, sai matsewar yatsu da ta dami mahayan Asiya ta dawo. Na biyu, kilo 6 ba shi da ƙarfin fizge tsirkiya daga yatsu da tsafta kamar yadda kilo 30 yake yi, sai karkatar ta ƙaru. Masu harbin gasa sun riga sun fara gwada ƙugiyoyi da igiyoyi da 'yan ƙarafa na saki, kuma a farkon shekarun 1970 makinsu ya yi tashin da ya sa ƙungiyoyin gasa na Amurka suka raba rukunin masu yatsu da na masu na'ura. Mafarauta suka bi sahu. Karen bana, in ji Hausawa, shi ke maganin zomon bana.

Iri huɗu, tambaya ɗaya

Na'urorin saki na yau sun kasu huɗu, kuma abin da ya raba su shi ne wanda yake yanke hukuncin lokacin tashin kibiya.

Na farko shi ne mai ɗauri a wuyan hannu, da baki irin na awartaki ko ƙugiya, da kunama da ake dannawa da manuniya kamar ta bindiga. Shi ne mafi yawa a hannun mafarauta. Ba ya faɗuwa daga hannun wanda yake zaune a kan bishiya, yana raba nauyin ja a kan hannu gaba ɗaya, kuma kibiya tana tashi a daidai lokacin da aka so. Na biyu ana riƙe shi a tafin hannu da yatsu uku ko huɗu, ana danna kunamarsa da babban yatsa. Yana ba da wurin dafa hannu a muƙamuƙi da ba ya sauyawa, kuma ana iya maƙala shi a tsirkiya a bar shi yana jira. Na uku ba shi da kunama sam. Ƙugiya ce da take zamewa idan hannu ya juya a hankali sakamakon matse tsokar baya, kuma sunan Mel Stanislawski ne ya shahara da wannan siga tun shekarun 1970. Na huɗu yana saki da kansa idan ƙarfin ja ya wuce ma'aunin da aka saita masa.

Dalilin ƙera na'urar da take saki ba tare da umarni ba shi ne wata cuta da maharba suke kira fargabar saiti. Idan ƙwaƙwalwa ta san daidai lokacin da baka zai yi tsawa, sai ta fara shirya jiki kafin lokacin. Tsoka ta ɗaure, ido ya ƙifta, yatsa ya kai wa kunama duka da zarar abin saiti ya gifta wurin da ake nufi. Wasu har ba sa iya ɗora saitin a tsakiya, hannunsu yana daskarewa a ƙasa da shi. Kunamar manuniya ta fi saurin jawo wannan, domin kan manuniya wuri ne mai yawan ji da gaggawa. Maganin da aka gano shi ne saki ya zo wa maharbi ba zato, yana cikin saiti da ja. Wato matsalar da ta fara a yatsa ta ƙaura zuwa ƙwaƙwalwa, aka sake sa ƙarfe a tsakani.

A nan buƙatar mai gasa da ta mafarauci suka rabu. Takardar gasa ba ta motsi. Barewa kuwa takan tsaya a sarari daƙiƙa biyu ko uku ta wuce, kuma wanda na'urarsa take saki lokacin da ta ga dama zai iya harbin dabbar da ta riga ta ɗaga ƙafa. Ƙugiya marar kunama tana iya kufcewa a tsakiyar ja, hannu ya daki bakin mai shi. Mai aiki da ma'aunin ƙarfi yana rikicewa idan sanyi ko bugun zuciya ko harbi daga sama zuwa ƙasa ya sauya yadda mutum yake ja. Shi ya sa ƙwararru da yawa suke horo da marar kunama don jiki ya koyi haƙuri, su shiga daji da mai kunama, suna matsa ta a hankali kamar yadda suka koya.

Sauran ƙa'idojin zaɓe sun fito ne daga yanayin daji. A rage tsawon na'urar har kunama ta zauna a gaɓa ta biyu ta manuniya, a ja ta da hannu gaba ɗaya maimakon kan yatsa. Kunamar da take da tafiya kafin ta saki tana sanar da ƙwaƙwalwa, don haka an fi son marar tafiya mai ɗan tauri, musamman ga mai safar hannu a lokacin sanyi. Ɗauri mai ƙarfen bel ya fi mai manne, domin yana komawa rami ɗaya kullum kuma ba ya ƙara. Sauya na'ura yana sauya wurin dafa hannu a fuska, ya sauya inda kibiya take sauka, saboda haka sai an sake saiti. Mai hankali kuma yana ajiye ta biyu iri ɗaya a jaka, domin gajeren baka ba ya harbuwa da kyau da yatsu, kuma wanda ya yar da na'urarsa ya gama farautar ranar.

Sauran kayan haɗi sun taso ne a kewayen wannan sauyi. 'Yar igiya mai siffar harafin D da ake ɗaurewa a tsirkiya tana ba na'ura wurin kamawa daidai bayan kibiya, tana kuma hana ƙarfe cin tsirkiya. Ɗan zoben leƙe da ake saƙawa cikin tsirkiya yana aiki tare da abin saiti na gaba kamar saitin bindiga. Tunda kibiyar da na'ura ta saka ba ta rawar gefe sosai, sai aka ƙera mazaunin kibiya mai faɗuwa da zarar an harba, don gashinta ya wuce bai taɓa komai ba. Na'urar awon nisa ta kawar da kuskuren ƙiyasi. Kan kibiya mai faffaɗan kaifi shi ne yake kisa ta hanyar zubar da jini, kuma shi ne mai tona asirin duk wani aibi a saki, domin faɗinsa yana kama iska ya ƙara karkatar.

Ina iyakar baka?

Kowane ƙari ya farfaɗo da tambayar da baka mai kunama ya tayar. Ƙungiyar Pope and Young, wadda aka kafa a 1961 don ajiye tarihin manyan dabbobin da aka kashe da baka, ta amince da na'urar saki muddin ƙarfin maharbi ne yake ja yake kuma riƙewa. Duk abin da yake kulle tsirkiya a jaye ta fitar da shi daga ma'anar baka. Ta daɗe tana da iyakar ragin nauyi na kashi 65 kafin kasuwa ta rinjaye ta ta sassauta. Wasu jihohi sun hana abin saiti mai lantarki da yake auna nisa da kansa. Gasar Olamfik, tun dawowar harbi cikinta a 1972, yatsu kawai ta sani, kuma sai a Los Angeles a 2028 baka mai faifai zai shiga. A gefe guda, na'urar saki ce ta ba Matt Stutzman, wanda aka haifa babu hannaye, damar riƙe baka da ƙafa ya ci zinare a gasar nakasassu ta Paris a 2024.

Masu ra'ayin gargajiya suna cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wanda ya cire wahala daga farauta bai cancanci lokacin da aka keɓe don mai wahala ba. Masu na'ura suna amsawa da cewa dabba ba ta damu da alfaharin maharbi ba, abin da ya shafe ta shi ne kibiya ta sami huhu. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, amma tana da sharaɗin da lissafi ya gindaya mata. Kibiyar farauta ta zamani tana tafiya kamar mita 85 a daƙiƙa, sauti kuwa mita 343. A nisan mita 30, ƙarar baka tana isa kunnen barewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kibiya kuma sai bayan kimanin sulusin daƙiƙa. A tsakanin nan dabbar da take a tsorace tana iya durƙusawa don zabura, kibiya ta same ta a baya ko ta wuce ta sama. A mita 50 tazarar lokacin ta kusa rabin daƙiƙa. Babu na'urar saki da take gyara wannan, domin kuskuren ba a hannun maharbi yake ba.

Haɗarin kayan zamani ke nan. Mutumin da yake tara kibau a tsakiyar takarda a mita 60 yana iya zaton ya sami izinin harbin dabba a wannan nisa, sai cigaban da ya kamata ya rage rauni ya tafi a ƙarin tazara. Ƙasashe sun ɗauki matakai daban-daban a kan haka. Dokar Birtaniya ta 1981 ta haramta farauta da baka gaba ɗaya. Faransa ta halatta ta a 1995 da sharaɗin horo. Denmak tana buƙatar mafarauci ya ci jarrabawar harbi a kan siffofin dabbobi kafin a ba shi izini.

Zoben Fu Hao da safar Ascham da kunamar ƙarfe ta yau duk sun yi aiki ɗaya, sun rage abin da hannu yake ɓatawa. Babu ɗayansu da ya taɓa gaya wa maharbi ko ya dace ya saki. Magana zarar bunu ce, kibiya ma haka. Mafaraucin da ya zaɓi na'urar da ta dace da hannunsa, ya yi watanni yana horo da ita sanye da tufafin da zai shiga daji da su, ya kammala rabin aikin. Ragowar shi ne darasin da Pope ya koya daga Ishi fiye da shekara ɗari da suka wuce: a matso kusa, a jira dabba ta ba da gefe a natse, idan ba ta bayar ba a sauke baka a bar ta ta tafi.